Tafasa ruwa a motar tafi-da-gidanka: da lantarki ko da gas?

Sabon Shiga:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina neman haske daga masana. Mota ce mai ɗakin kwana da kicin a ciki, tana da batirin ɗaki guda ɗaya na AGM, wato irin batirin dalma, mai 100Ah (Ah shi ne ma'aunin yawan wutar da batir ke ajiyewa), farantin sola mai 200W a kan rufi, murhun gas mai kai biyu, da tukunyar gas mai kilo 6. Ana buƙatar tafasa ruwa kamar lita huɗu a yini. Shin ya fi a sayi inbata, wato na'urar da ke mayar da wutar batir ta zama irin ta gida, da butar lantarki, ko a tsaya a kan gas? Wasu na cewa wutar sola kyauta ce, don me za a ƙona gas.

Injiniya:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. A fara da lissafin ruwan kansa, don shi ba ruwansa da inda zafin ya fito. Kafin kilo ɗaya na ruwa, wato lita ɗaya, ya ƙara zafi da digiri ɗaya, sai ya sha kilojul 4.19. Daga digiri 20 zuwa 100 tazarar digiri 80 ce, sai ya kama kilojul 335, daidai da 93Wh, wato wutar 93W ta tsawon awa ɗaya. Wannan shi ne ƙarshen ƙasa, babu na'urar da za ta tafasa lita ɗaya da ƙasa da haka.

Abin da ya bambanta hanyoyin biyu shi ne asarar da ake yi kafin zafin ya shiga ruwa. Butar lantarki tana kai wajen kashi 85 zuwa 90 cikin ɗari, saboda ƙarfen da ke yin zafin yana manne da ruwan. Ka ce 105Wh a soket. Idan wutar daga batir take, inbata za ta ci nata kason, kamar kashi goma, sai ya zama 115 zuwa 120Wh. Raba da 12.5V, ka samu kusan 10Ah a kowace lita. Lita huɗu a yini 40Ah ke nan.

Murhun gas kuwa almubazzari ne, kashi 40 zuwa 55 kawai ke shiga buta, sauran yana bin gefe ya tashi sama. Amma kilo ɗaya na gas ɗauke yake da kusan 12.8kWh. Ko da rabin ya tafi a banza, lita ɗaya ba ta cin fiye da gram 15 zuwa 20. Lita huɗu a yini kamar gram 70, tukunyar kilo 6 za ta kai kwana tamanin da wani abu in dai tafasa ruwa kaɗai take yi.

Ɗan Sola:
Injiniya, lissafinka daidai ne, amma ai 40Ah ba abin tsoro ba ne. Faranti mai 200W a inda rana ke fitowa sosai yana iya tara 600 zuwa 750Wh a yini, lita huɗun nan kuwa 480Wh ne. Wutar da za ta zube a banza da rana tsaka bayan batir ya cika, me zai hana a tafasa ruwa da ita?

Malam Mai Wayarin:
Ɗan Sola, ba a nan gizo ke saƙar ba. Ba yawan wutar ne matsala ba, saurin da ake jan ta ne. Butar gida mai 2000W idan ta bi ta inbata tana jan wajen 2200W daga batir. A kan 12V, 185A ke nan. Wannan irin jan da sitata ke yi ne lokacin tayar da inji, ita kuma sitata daƙiƙa biyu ko uku take yi, buta kuwa minti uku da 'yan kai za ta yi tana ja.

Batirin AGM mai 100Ah, an auna wannan ɗarin ne a kan jan 5A na tsawon awa 20. Da zarar ka ja shi da ƙarfi, abin da zai iya bayarwa yana raguwa sosai. Wani Bajamushe, Peukert, ya bayyana wannan tun 1897, kuma har yau haka batirin dalma yake. Ƙari a kan haka, ƙarfin wutar yana faɗuwa nan take. Inbata mafi yawa suna yanke wuta idan batir ya sauka wajen 10.5V. Shi ya sa za ka ga batir yana nuna 12.6V, a kunna buta, inbata ta yi ƙara ta mutu, a kashe buta kuma ya koma 12.4V kamar ba abin da ya faru. Mutane sai su ce inbatar ce ta lalace, alhali batirin ne bai iya ɗaukar nauyin ba.

Sannan batirin dalma ba a so a sha fiye da rabinsa in ana son ya yi ƙarko. Rabin 100Ah shi ne 50Ah. Ruwa ya ci 40, saura 10 ga fitilu, famfon ruwa, fanka da cajin waya. Da wannan batirin guda ɗaya, amsar Sabon Shiga gas ce.

Sabon Shiga:
Na gode Malam. To idan aka nemi ƙaramar buta mai 750W ko 1000W fa?

Malam Mai Wayarin:
Ta fi, nesa ba kusa ba, amma ka gane abin da ta gyara da abin da ba ta gyara ba. Mai 1000W tana jan kusan 90A, lita ɗaya minti shida da rabi. Mai 750W tana jan 65 zuwa 70A, minti takwas da rabi. Ta rage wa batir da waya wahala. Yawan wutar da za a sha bai canja ba, 10Ah ɗin nan na nan daram. Ga AGM guda ɗaya ko 70A ja ne mai nauyi, zai yi aiki yana sabo kuma cike, bayan wasu watanni ya fara gazawa. In dole sai an yi haka da batirin dalma, a haɗa biyu su zama 200Ah don su raba nauyin.

Hajiya Mai Lissafi:
Kafin a wuce, a ja kunnen masu sayen 'yar butar nan da ake soka wa a soket ɗin kunna sigari na mota. Wannan soket fis ɗinsa 10A ne ko 15A, wato 120 zuwa 180W iyaka. Raba 93Wh da 150W, minti 37 ke nan ga lita ɗaya, ba a ma lissafa zafin da ke tserewa ta jikin butar a wannan dogon lokaci ba. A aikace ya kan haura minti arba'in. Kuma bakin soket ɗin ɗan ƙaramin wuri yake taɓawa, ba a yi shi don ja mai tsawo ba, sai ya ɗau zafi robar ta narke. Idan kuma soket ɗin daga batirin inji yake ɗaukar wuta, aka yi haka mota na tsaye, ana iya wayar gari ba ta tashi ba. Kofi ɗaya ana cikin tafiya, to. Lita huɗu a yini, a'a.

Ɗan Sola:
Na yarda da maganar AGM. Amma yanzu ai litiyom ake yayi, LiFePO4. Mai 100Ah a kan 12.8V yana ɗauke da 1280Wh, ana iya shan kashi 80 zuwa 90 ba tare da ya ji jiki ba, kuma ƙarfinsa ba ya zubewa a ƙarƙashin ja mai nauyi kamar na dalma. Da shi lissafin ya juya.

Injiniya:
Ya juya, amma da sharuɗɗa. Kowane batirin litiyom yana da allon da ke tsaronsa a ciki, BMS. A yawancin masu 100Ah iyakar da yake bari a ja a jere 100A ce. Buta mai 1000W za ta wuce, da ƙyar. Mai 2000W kuwa BMS zai yanke, kuma ba butar kaɗai zai yanke wa ba, motar duka za ta yi duhu har da firji da fitila. Don haka a karanta takardar batir a nemo iyakar ja a jere, kada a tsaya a kan lambar Ah kawai. Mai son babbar buta yana buƙatar batir biyu a haɗe, ko guda mai BMS na 200A.

Na biyu, sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Batir ba ya ƙirƙirar wuta, ajiya yake yi. Lissafin 600 zuwa 750Wh na Ɗan Sola na ranar da gari ya waye tas ne. A arewacin Turai lokacin hunturu, faranti kwance a kan rufi ba zai ba da ko kusa da rabin haka ba, kuma a lokacin ne aka fi son ruwan zafi. Haka ma in an faka a inuwa ko an yi kwana uku ana hadari. Ga wani abin: LiFePO4 ba a yi masa caji idan sanyinsa ya sauka ƙasa da digiri sifili, yana lalata shi, BMS mai kyau zai hana cajin da kansa.

Wanda yake tuƙi kullum shi ke da sauƙi. Cajar da ke ɗaukar wuta daga altaneto mai 30A tana mayar da 10Ah a minti ashirin. Tuƙin awa ɗaya da minti ashirin ya biya ruwan yini guda.

Baba Mai Gas:
'Ya'yana, kun yi ta lissafin waya, bari in sa baki a kan gas, don shi ma ba a shiga masa da ka.

Gas ɗin tukunya iri biyu ne, furofen da butan, wani lokaci a gauraye. A cikin tukunya ruwa ne, sai ya tafasa ya zama iska kafin ya hau tiyo. Furofen yana tafasa a digiri 42 ƙasa da sifili, don haka kusan ko'ina zai yi aiki. Butan sai wajen sifili, kuma da yake tukunyar tana ƙara sanyi idan ana jan gas, tun daga digiri 4 ko 5 wutar za ta fara yin rauni. Mutum ya girgiza tukunya ya ji akwai gas, murhu kuma ya ƙi ci. Ba toshewa ba ce, sanyi ne. Mai zuwa wuri mai sanyi ya ɗauki furofen.

Regileta kuma a dace da murhu. Matsin gas a motocin Turai na yanzu 30mbar ne, tsofaffi akwai masu 28, 37, har da 50. Idan aka ba murhun 30 matsin 50, wuta za ta yi tsalle daga kan murhun ta yi baƙi. Idan aka yi akasin haka, wuta za ta yi laushi, ruwa ya daɗe bai tafasa ba. Lambar tana rubuce a jikin regileta da jikin murhu, a duba.

Babban haɗarin: wannan gas ya fi iska nauyi, furofen sau ɗaya da rabi, butan sau biyu. In ya yi yoyo ba ya tashi ya fita ta taga, kwanciya yake a ƙasa ya taru a lunguna. Furofen yana kamawa da wuta idan ya kai kashi 2 cikin ɗari na iskar wurin. Shi ya sa akwatin tukunya yake da rami a gindinsa mai fita waje. Kada a taɓa toshe wannan rami da kaya ko tsumma don gudun ƙura. Tukunya a tsaye, a ɗaure. Gwajin yoyo da ruwan sabulu ake yi a kan kowace mahaɗa, in ya yi kumfa a rufe tukunya a gyara. Ba a gwadawa da ashana. Tiyon roba yana tsufa ko ba a amfani da shi, shekarar ƙera shi na buge a jikinsa, in ya fara tsatstsagewa ko ya yi tauri a canja.

Uwar Tafiya:
Baba, Allah ya ƙara girma. Abin da ke hana mutane da yawa son gas shi ne laima. Ana cewa shi ke sa gilashi ya yi gumi, bango ya yi funfuna. Yaya gaskiyar wannan?

Hajiya Mai Lissafi:
Yaya, akwai gaskiya a ciki amma an kambama ta. Ƙona kilo ɗaya na furofen yana fitar da ruwa kilo 1.6 a matsayin tururi, da iskar kabon dayoksaid kilo 3. Ga lita ɗaya da ta ci gram 17, tururin da ƙonawar ta haifar gram 27 ne ko 28, kamar cokali biyu. Mutum biyu da suka kwana a motar, numfashinsu da guminsu ya kai rabin lita kafin gari ya waye. Kin ga tafasa ruwa ba shi ne babban mai laifi ba.

Inda ake tara laima shi ne barin buta tana ɓararraka bayan ta tafasa. Mayar da ruwa tururi yana cin kilojul 2257 a kowane kilo, kusan ninki bakwai na abin da aka kashe wajen kai shi digiri 100. Minti ɗaya na ƙarin tafasa a kan murhu mai 1.8kW yana tura wajen gram 20 na tururi cikin ɗaki, ga gas da aka ƙona a banza. Idan ruwa kamar mililita 100 ya ƙone ya tafi, an yi asarar 63Wh, kashi biyu cikin uku na abin da lita guda ke buƙata tun farko. Buta mai usur da murfi a rufe tana magance wannan. A nan butar lantarki ta yi zarra, tana kashe kanta da zarar tururi ya bugi ɗan ƙarfen da ke cikin mariƙinta. Amma in aka bar murfinta a buɗe tururin ba zai kai wurin ba, sai ta yi ta tafasa tana shan batir.

Baba Mai Gas:
Laima ba ta kashe mutum, 'yata, kabon monoksaid ne ke kisa, kuma ba ya wari, ba a ganinsa. Gram 17 na gas yana buƙatar iska fiye da lita 200 kafin ya ƙone tas. In iska ta yi kaɗan, ko ramukan kan murhu sun toshe da maiƙo, ƙonawar ba ta cika, sai wannan guba ta fito. Alamar wuta mai lafiya shuɗiya ce mai tsayuwa. In ta koma ruwan ɗorawa tana lilo, gindin buta yana yin baƙi, a kashe a wanke kan murhun. Duk lokacin da za a kunna, a buɗe tagar kicin ko ta rufi, ko da ana sanyi. A sa na'urar gargaɗi guda biyu don aikinsu daban ne: ta yoyon gas a ƙasa kusa da daɓe, ta kabon monoksaid a sama kusa da inda ake numfashi da kwana. Kuma kada a kunna murhu don ɗumama ɗaki, ko na minti goma ne.

Murhun mota mai kyau yana da ɗan tsinken ƙarfe a gefen wuta da ke jin zafi. Shi ya sa ake danne makunni na 'yan daƙiƙu bayan wuta ta kama. In iska ta kashe wutar ko ruwa ya zubo, tsinken zai huce ya rufe gas da kansa. Idan kana sakin makunni wuta tana mutuwa, ko tsinken ya yi datti, ko ya kauce daga harshen wuta, ko notinsa ya saki a baya. Ba a cusa wani abu a danne makunnin don a huta da shi, gyara ake yi.

Malam Mai Wayarin:
Tunda Baba ya faɗi haɗarin gas, adalci ne a faɗi na lantarki, don mutane na ɗaukar 12V kamar wasa tunda ba ta jan mutum. Ba ta ja, amma tana tayar da gobara.

Jan ƙarfe yana da turjiyar 0.0175 om a kowace mita ga waya mai kaurin 1mm². A ce inbata tana nesa da batir mita biyu, zuwa da dawowa mita huɗu. Da waya mai 16mm² a kan 185A, za a rasa 0.8V a hanya, kuma 150W za su zama zafi a cikin wayar kanta, a bayan katako inda ba mai gani. Ga inbata mai 1000W a sa 35mm² da fis na 125 zuwa 150A. Ga mai 2000W a sa 70mm² da fis na 250A, in dai takardar inbatar ba ta faɗi wani abu daban ba. Fis ɗin a kan wayar fositif yake zama, dab da batir, cikin taƙi ɗaya, domin wayar yake karewa ba inbata ba. Inbata ta zauna kusa da batir, a ja doguwar waya a ɓangaren 230V inda jan ba shi da yawa.

A kula da wayar da aka yi da alminiyom aka shafa mata jan ƙarfe a sama. A ido iri ɗaya ce, amma abin da take ɗauka kamar kashi 60 ne na ta gaske. A kankare bakinta da wuƙa, in ciki fari ne a ajiye ta.

Wurin da aka fi samun matsala shi ne mahaɗa. Kan waya da ba a matse da kyau ba, ko noti da girgizar hanya ta sassauta, in ya ƙara turjiyar 0.005 om kacal, a kan 185A zai fitar da 170W a wuri kamar kan yatsa. Bayan an gama haɗi a tafasa lita ɗaya, a kashe, a taɓa kowace mahaɗa. Wadda ta fi sauran ɗumi ita ce mai ciwo. A riƙa sake duba notuna lokaci-lokaci.

Ɗan Sola:
Ƙarin bayani kan inbata. Butar da ba ta da komai sai ƙarfen zafi da makunni ba ta damu da irin wutar ba, ko inbata mai araha da wutarta ba sumul ba za ta tafasa ta. Amma buta mai allo da zaɓin digiri, ko murhun indakshin, sai inbata mai tsaftatacciyar wuta. Kuma a sayi wadda ta fi butar ƙarfi, mai 1500W ga butar 1000W, a duba ƙarfin da take bayarwa a jere ba lambar da aka buga da manyan haruffa a kwali ba.

Abin da ke cinye batir a ɓoye shi ne barin inbata a kunne ba aiki. Da yawa suna shan rabin amfiya zuwa biyu haka kawai. Amfiya ɗaya a awa 24 ya zama 24Ah, fiye da tafasa lita biyu. A sa mata makunni a kicin, a kunna, a tafasa, a kashe.

Sabon Shiga:
Idan kuma an sauka a zangon da ake ba da wutar layi fa? Ai nan babu maganar batir.

Injiniya:
A nan lantarki ta yi nasara ba gardama, a adana gas don wurin da babu wuta. Sai dai a tambayi ƙarfin turken wutar kafin a jona. A zangunan Turai wutar 230V ce, kuma ana samun 6A, 10A ko 16A, wato 1380W, 2300W ko 3680W. Ba buta kaɗai ke ci ba. Da zarar an jona, cajar batir tana iya ɗaukar 300W, firji in mai aiki da zafi ne ya ɗauki kamar 150W. A turke mai 6A saura 930W. Buta mai 750W za ta wuce lafiya, mai 1000W tana kan gaɓa, mai 2000W za ta sauke bireka ba da jimawa ba. Idan akwai tukunyar ruwan wanka mai lantarki, irin Truma Combi da ke da zaɓin 900W da 1800W, a kashe ta ko a mayar da ita gas kafin a kunna buta. Wannan ne dalilin da ya sa ƙaramar buta ta fi dacewa da mota: tana aiki a kowane zango, kuma ita ce inbata matsakaiciya za ta iya ɗauka.

A Amurka wutar 120V ce, turken 30A yana ba da 3600W, butocinsu kuma yawanci ba sa wuce 1500W saboda soket ɗin 15A. Butar 230V a kan 120V rubu'in ƙarfinta kawai za ta bayar, ta 120V a kan 230V kuwa ƙonewa za ta yi.

Wayar jonawa a warware ta duka. In aka bar ta a naɗe ana jan wuta mai yawa, zafi na taruwa a tsakiyar naɗin.

Uwar Tafiya:
Ba wanda ya taɓo maganar ruwan da ba a amince da tsaftarsa ba, alhali matafiyi ba ko'ina yake samun ruwa mai kyau ba. Hukumar CDC mai yaƙi da cututtuka ta Amurka tana ba da shawarar a bar ruwa yana tafasa sosai na minti ɗaya, in kuma wurin ya haura ƙafa 6,500, kusan mita 2,000, minti uku. A kan tudu ruwa yana tafasa da wuri, wajen digiri 93 a mita 2,000, digiri 90 a mita 3,000. Butar lantarki tana kashe kanta 'yan daƙiƙu bayan tafasa, ba za ta cika wannan minti ba sai an danne ta, kuma hakan yana lalata makunninta. A kan gas sai dai a rage wuta a duba agogo. Kuma a tuna tafasa ƙwayoyin cuta take kashewa, ba ta cire gishiri, ƙarfe ko maganin ƙwari.

Hajiya Mai Lissafi:
Haka ne Yaya. Bari in ƙara da abubuwan da ke rage ci ko wace hanya aka bi, don nan ne riba take.

A auna ruwa. Kofi ɗaya mililita 250 ne, 2.5Ah ko gram 4 zuwa 5 na gas. Cika buta don kofi biyu shi ne asara mafi girma da ake yi kullum. A butar lantarki dai a tabbata ruwa ya kai layin ƙasa da aka zana.

A kan gas, buta mai faɗin gindi ta fi dogo siriri, kuma harshen wuta kada ya leƙo gefe. Wuta matsakaiciya tana ƙara minti ɗaya ko biyu amma tana rage gas. Akwai tukwane masu fiffike a gindi da ke kama zafin da zai tsere, suna rage lokaci da gas sosai. In iska na shigowa ta taga kai tsaye kan murhu, a buɗe ta wani ɓangaren.

Filas mai kyau shi ne abokin mai sola. A tafasa da rana tsaka lokacin da batir ya cika kuma faranti na bayarwa, a ɗauraye filas da ɗan ruwan zafi, a cika a rufe. Ruwan da ya sauka zuwa digiri 70 yana buƙatar 35Wh kawai a kowace lita ya koma tafasa, maimakon 93.

Farin ɓawon da ruwa mai gishirin ƙasa ke bari a gindin buta yana tare zafi, yana rage wa ƙarfen kwana. A zuba cokali ɗaya ko biyu na garin sitirik asid a rabin lita, ko binega da ruwa rabi da rabi, a ɗumama, a bari minti ashirin, a ɗauraye sau biyu.

Ɗan Sola:
Ni dai har yanzu ina ganin mai gina mota daga farko ya kamata ya yi tunanin raba ta da gas gaba ɗaya. Da 24V ja yana raguwa rabi, butar 2000W ta koma wajen 92A. Babu tukunya, babu yoyo, babu neman inda za a cika a ƙasar da bakin tukunyarta ya bambanta, babu rufe gas a gidan mai da jirgin fito.

Baba Mai Gas:
Mai yin haka ya shirya batir da caja da za su ɗauki girki duka, ba buta kaɗai ba. Kilo ɗaya na gas lita sittin yake tafasawa, batirin litiyom mai 100Ah lita goma kafin ya nemi caji. Kuma in BMS ya yanke a wurin da ba mai gyara, babu ko ruwan ɗumi. Wanda ya cire tukunya ya ajiye ɗan murhun gwangwani don rana irin wannan, ya yi amfani da shi a waje.

Sabon Shiga:
Na fahimta. Zan tsaya a kan gas in babu wutar layi, in nemi buta mai 750W don zango, maganar inbata sai an canja batir. Tambaya ta ƙarshe Baba, yaya ake sanin sauran gas a tukunya? Agogon da ke kan regileta kullum cike yake nunawa.

Baba Mai Gas:
Haka zai yi ta nunawa, ɗana, domin matsi yake aunawa, matsin kuwa ba ya sauka muddin akwai sauran ruwan gas a ciki, sai dai ya bi zafin gari. Sai ya kusa ƙarewa allurar ke faɗuwa lokaci ɗaya. Sikeli ne ke faɗin gaskiya. Nauyin tukunya ba komai a ciki yana buge a wuyanta ko mariƙinta. Rufe ta, cire regileta, ɗora a sikeli, ka debe wancan nauyin, abin da ya rage shi ne gas ɗinka. Ka rubuta, bayan mako guda ka sake aunawa, sai ka san abin da motarka ke ci a yini. Idan ka mayar da regileta, ka duba robar bakinta ba ta tsage ba, sannan ka shafa ruwan sabulu a mahaɗar kafin ka rufe akwatin.